Me ya sa malasadata ke fitowa kamar fanke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin da muke zaune a Amurka na ci wani soyayyen abu na mutanen Fotugal da ake kira malasada a gidan maƙwabciyarmu, har yau ɗanɗanonsa bai bar bakina ba. Na gwada yi a gida nan Kano, amma ko dai ta fito da nauyi kamar fanken da bai tashi ba, ko bayanta ya ƙone cikinta ɗanye, ga shan mai. Don Allah yaya ake yin ta asali?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsaloli ukun da kika lissafa tushensu ɗaya ne: hannunki ya saba da fanke, sai kike yi wa malasada irin riƙon da ake yi masa. Fanke ƙullu ne na fulawa da ruwa da yis da sukari, yana jure wuta mai ƙarfi, yana kuma jure gaggawa. Malasada kwaɓi ce mai ƙwai da madara da bota, kuma waɗannan ukun su ne suke sauya komai. Suna sa ta jinkirin tashi, suna sa bayanta saurin yin ja a cikin mai, suna kuma sa kwaɓin ya yi ta manne wa hannu har mutum ya ji kamar ya ƙara fulawa. Wadda ta ƙara fulawar ta sami nauyi. Wadda ta soya da wutar fanke ta sami ƙonewa da ɗanyen ciki. Wadda ta ji tsoron ƙonewar ta rage wuta da yawa kuma ta sami shan mai.

Yawan ƙwai da botar nan yana da dalili. Malasada ta fito ne daga tsibiran Fotugal na cikin Tekun Atlantika, wato Madeira da kuma Azores, musamman São Miguel, wanda shi ne mafi girma cikin tsibirai 9 na Azores, kimanin kilomita 1,400 yamma da Lisbon, babban birnin Fotugal. Mutanen wurin mabiya ɗarikar Katolika ne, kuma suna da azumin kwana 40 kafin Ista, wanda a da ake ƙaurace wa nama da kitse da kayan daɗi a cikinsa. Ranar Talatar da za a wayi gari a shiga azumin, wadda kan faɗo a Fabrairu ko farkon Maris, sai matan gida su tattara abin da ya rage na kitse da ƙwai da sukari su ƙarar da shi a kasko ɗaya. Saboda haka tun asali abinci ne da ba a yi masa rowar kayan haɗi. Sukarin ma ba baƙo ba ne a can, domin tun ƙarni na 15 ake noman rake a Madeira, Azores kuma ƙasar shanun madara ce har gobe.

Kin ce a Amurka kika ci, wannan zai taimaka mana mu gane wace iri kika ci. Idan a yankin Massachusetts ne, garuruwa irin su Fall River da New Bedford cike suke da zuriyar mutanen Azores da Madeira, kuma tasu faffaɗa ce, an ja ta da hannu, gefenta da kauri, tsakiyarta siririya, babu biyu da ke kama da juna. Ɗaya nau'in na Hawaii ne, jihar tsibirai ta Amurka. A 1878 jirgin ruwa mai suna Priscilla ya sauke ma'aikatan gonar rake na farko daga Madeira a Honolulu, babban birnin Hawaii, wasu suka biyo baya daga Azores, suka tafi da girkinsu. A can ta zama dunƙulalliya mai taushi, kuma gidan burodin Leonard's, wanda Leonard Rego ya buɗe a Honolulu a 1952, shi ya fi yi mata suna. Ni dai wadda zan koya miki ita ce faffaɗar ta São Miguel. Ita ce ta gida, ita ta fi sauƙin nuna har ciki, kuma a ganina ta fi daɗi, saboda a guda ɗaya kina samun gefe mai laushi da tsakiya mai ɗan ƙaras-ƙaras.

Ga abin da za ki tanada don samun guda 16 zuwa 20: fulawa giram 500, ƙwai 4 manya, madara mililita 200, sukari giram 80, bota giram 60, busasshen yis giram 7, wato cokalin shayi 2 da ɗan ɗori, gishiri cokalin shayi 1 ba a cika ba, da gogaggen ɓawon lemon zaƙi ko na tsami guda 1. Sai isasshen man suya, da sukarin barbaɗawa kofi 1. Idan babu sikeli, fulawar kofi 4 ce, a zuba da cokali a share baki, kada a danna. Amma in da hali ki sayi ƙaramin sikelin kicin, domin kofin fulawar da aka danna yakan fi wanda ba a danna ba nauyi sosai, kuma a nan ne nauyin malasadar mutane da yawa ke farawa tun kafin a fasa ƙwai.

Abu biyu za ki gani a tsofaffin girke-girken mutanen tsibiran nan na Fotugal da ba za su shiga kicin ɗinmu ba. Na farko kitsen alade, wanda da shi ake suya a da, wasu ma suna sa shi cikin kwaɓin. Bota da man gyaɗa sun wadatar, kuma yawancin gidaje a can ma yanzu da man girki suke soyawa. Na biyu, wasu suna ɗan tsiyaya barasar da ake kira aguardente don ƙamshi. Cokali 2 na ruwan lemon zaƙi ya maye gurbinta, sai ki rage madarar daidai da haka. In za ki saya a shago a ƙasar waje, ki tambaya da wane mai aka soya.

Madarar gari ta yi: cokalin cin abinci 3 a ruwa mililita 200. Ta gwangwani ma ta yi, rabi madara rabi ruwa, kuma da ita ake yawan yi a Hawaii. Bota ta gaske ta fi, amma ta shafa wa burodi za ta yi aiki, sai dai ƙamshi ya ragu. Wajen goga ɓawon lemo, ki tsaya a kan fatar sama mai launi, farin da ke ƙasa ɗaci gare shi. Sukarin cikin kwaɓin kuma kada ki ƙara a kan giram 80 ɗin nan ko da kin ɗanɗana kin ji bai kai ba. Zaƙin malasada daga waje yake zuwa. Sukari mai yawa a ciki yana janye ruwan da yis ke buƙata, tashi ya yi nawa, sannan ya sa bayanta ƙonewa da wuri.

Ki ɗumama madarar ɗumi kaɗan, wanda yatsa zai zauna a ciki ba tare da jin zafi ba, wajen digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Celsius. In ta kai digiri 55 zuwa 60 yis mutuwa yake yi. Ki ɗebi rabin kofi daga ciki, ki sa yis da ƙaramin cokali na sukari, ki ajiye minti 10. Idan ya yi kumfa yana da rai. Idan bai yi ba ki zubar ki nemo wani, domin yis ɗin da aka buɗe ya daɗe a zafin shago yakan mutu, kuma ba ki son ki gano haka bayan kin fasa ƙwai 4. A wani kwano ki buga ƙwan da sukari har su yi haske su yi kumfa, minti 3 zuwa 4. Ki tankaɗe fulawa da gishiri a babbar roba, ki yi rami a tsakiya, ki zuba ƙwan, da ruwan yis, da sauran madarar, da ɓawon lemo, ki haɗe su. Botar ki narkar da ita ta huce, amma kada ki zuba yanzu.

Nan ne aikin yake. Abin da za ki gani a robar ya fi ƙullun fanke kauri nesa ba kusa ba, amma ya fi kwaɓin burodi ruwa, kuma zai kama yatsunki ya ƙi saki. Haka ake so. Matan São Miguel a babbar kwatarniyar ƙasa suke yin wannan aiki, su dunƙule hannu su yi ta naushin kwaɓin suna ninkewa, in ya kama su sai su tsoma hannu a madara ko narkakkiyar bota. Ke ma haka za ki yi. Ki tura hannu ƙarƙashin kwaɓin, ki ɗago shi sama har ya miƙe, ki maka shi a jikin robar, ki ninke, ki juya robar kaɗan ki sake. Bayan minti 8 zuwa 10 za ki ji ya fara danƙo, yana jan hannunki baya. To a lokacin ne za ki fara zuba botar, cokali-cokali, kina bugawa har kowane cokali ya ɓace kafin ki ƙara wani. Dalilin jinkirta ta shi ne, maiƙo yana lulluɓe garin fulawa ya hana shi shan ruwa, danƙon da zai riƙe iska a ciki ya kasa haɗuwa. In danƙon ya riga ya haɗu, bota sai dai ta ƙara masa taushi. Gaba ɗaya bugun zai ɗauke ki minti 15 zuwa 20 da hannu, da injin kwaɓi kuwa kamar minti 10. Alamar ya isa: kwaɓin ya yi sumul yana sheƙi, yana barin gefen roba da kansa, kuma in kika shafa mai a yatsu kika ja ɗan guntu, zai miƙe ya yi siriri har ki ga haske ta cikinsa kafin ya yage. Har a wannan lokacin zai ɗan manne wa hannu. Ina roƙonki kada ki kai hannu ga buhun fulawa. Idan kin gaji, ki rufe ki huta minti 10, za ki tarar ya fi biyayya, saboda fulawar ta ci gaba da shan ruwa kina zaune.

Ki shafa mai a saman kwaɓin, ki rufe da leda, ki bar shi ya ninka girmansa. Littattafan girkinsu za su ce awa 2 zuwa 3, har da lulluɓa bargo, amma wannan lissafin sanyin Fabrairu ne a tsakiyar teku. A Kano cikin Afrilu zai iya ninkawa cikin ƙasa da awa 1, kuma kwaɓin da ya tashi a guje ba ya samun ɗanɗano, ga shi da saurin zarcewa ya yi tsami. Don haka lokacin zafi ki yi amfani da madara mai sanyi a sauran haɗin, ki nemi wuri mafi sanyi a gidan, ko ki ɗora robar cikin baho mai ruwan randa. Lokacin hunturu kuwa iska ce abokiyar gaba, tana busar da saman kwaɓin ya yi ɓawo, sai ki tabbata ledar ta rufe ruf. Idan ya ninka, ki danna shi iskar ta fita, ki ninke shi sau 3 ko 4, ki sake rufewa ya yi tashi na biyu na minti 30 zuwa 45. In kina da firij mai wuta tsayayya, abin da ya fi shi ne ki kwaɓa da dare, ki bar shi minti 30 a waje, ki sa a firij ya kwana. Da safe za ki same shi ya yi ƙamshi, ya kuma daina damun hannu saboda botar ta daskare. Ki fito da shi ya sha iska minti 30 kafin suya.

Don gane ya kai, ki shafa mai a yatsa ki danna. In ramin ya cike nan take, da saura. In ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, ya yi. In ya lotsa kwaɓin ya saki iska yana warin tsami, ya zarce, kuma irin wannan shi ne mai shan mai, domin danƙonsa ya yi rauni, ƙofofinsa a buɗe suke.

Sai fasali. Ki ajiye ƙaramin kwano na mai kusa da ke, ki shafa a tafin hannu biyu. Ki yanko kwaɓi kamar girman ƙwai, giram 50 zuwa 60, ki ɗan mulmula shi, sannan ki riƙe da yatsu kina juyawa kina ja daga tsakiya zuwa gefe, har ya kai faɗin tafin hannu, santimita 10 zuwa 12. Gefen ya zauna da kaurin yatsa, tsakiyar ta yi siririya sosai, ko ta ɗan huje ba laifi. Ba a amfani da muciyar murji, ba a yanka da kofi, ba a barbaɗa fulawa, domin busasshiyar fulawa tana zubewa a mai ta ƙone ta ɓata shi. Wannan jan shi ne maganin ɗanyen cikin da kika yi kuka da shi. Dunƙulen kwaɓi mai ƙwai yana buƙatar lokaci kafin zafi ya isa tsakiyarsa, kuma bayansa ba zai jira ba. In kin baje shi, tazarar da zafin zai ratsa ta ragu, ciki da waje su nuna tare. Kina ja kina sakawa a mai, ba a jera su a tire su jira, don za su tsuke su koma yadda suke. Shi ya sa a gidajensu mutum biyu ke yin aikin, ɗaya na ja tana sakawa, ɗaya na juyawa tana tsamewa. Ki nemi mai taya ki a karon farko.

Man ya kai zurfin santimita 5 zuwa 6 a tukunya mai kaurin gindi, kada kuma ya wuce rabinta. Tukunya mai kauri tana riƙe zafi, ba ta hawa da sauka da sauri irin na siririn kasko. Man gyaɗa mai kyau ya dace ƙwarai, sai dai in na ƙuli ne mai ƙarfin ƙamshi zai danne na lemo da bota, kuma kada ki kuskura ki soya masa albasa yadda aka saba, ko ki yi amfani da wanda aka soya kifi ko nama a ciki. Zafin da ake nema digiri 170 zuwa 175 ne. In babu ma'aunin zafi, ki jefa ɗan guntun kwaɓi: ya nutse, ya taso cikin daƙiƙa 3 zuwa 4 da ƙananan kumfa kewaye da shi, ya ɗauki kusan minti 1 kafin ya yi ruwan zuma. In ya taso nan take ya yi duhu, wuta ta yi yawa, ki sauke tukunyar ta huce kaɗan. In ya zauna a ƙasa shiru, ki jira.

Yana da kyau ki san abin da ke faruwa a cikin tukunyar, don da shi za ki riƙa gyara wutarki. Da zarar kwaɓi ya shiga mai mai zafi, ruwan jikinsa yana zama tururi yana fitowa da ƙarfi, kumfar da kike gani ke nan. Muddin tururin na turowa waje, mai ba ya samun hanyar shiga, kuma bayan yana saurin ƙamewa ya zama katanga. In man bai yi zafi ba, tururin ba shi da ƙarfi, katangar ba ta yi da wuri ba, malasadar ta daɗe tana jiƙa. Kowace ɗaya da kika saka tana sauke zafin man, saboda haka kada ki wuce 2 ko 3 a lokaci guda, kuma ki ba man kamar rabin minti ya dawo kafin zubi na gaba. Ki saka ta a hankali kina kwantar da ita nesa da jikinki, hannu da mai ba da ruwa ba, don ɗigon ruwa yana sa mai fallatsa. Kowane gefe minti 1 da rabi zuwa 2, juyi sau ɗaya. Launin da ake so ruwan zuma ne mai ɗan duhu a gefe, tsakiyar ta fi haske. Ta farko ki ɓara ta ki duba cikin, ita za ta gaya miki ko ki ƙara wuta ko ki rage. A kan gas ko risho wannan mai sauƙi ne. A kan gawayi ki bari ya zama garwashi tukuna, ki ajiye wasu a gefe kina turawa kina janyewa.

Ki tsame da matsami, ki jingina su a tsaye cikin gwagwa mai ya tsane. Kada ki ɗora wata kan wata, tururi zai jiƙa su. Bayan kamar minti 1, suna da zafi amma sun daina naso, sai ki juya su cikin sukari gaba da baya. In kin yi sauri sukarin ya jiƙe ya dunƙule, in kin makara ya ƙi kamawa. Sukari mai ƙananan ƙwayoyi ya fi, in naki manya ne ki ɗan daka shi kaɗan ba har ya zama gari ba. Wasu na haɗa cokalin shayi 1 na garin kirfa a kofin sukarin, kuma yana dacewa da ƙamshin lemon.

Mutanen Madeira kuwa tasu ƙanana ce, kuma da baƙin ruwan rake mai kauri da suke kira mel de cana suke ci. Wannan ba sai kin nemo daga nesa ba, mazarƙwailarmu daga ruwan rake take. Ki fasa giram 200, ki zuba ruwa mililita 100 da ɗan ɓawon lemo, ki dafa a ƙaramar wuta har ta narke ta yi kaurin zuma, ki tace saboda yashi, ki ɗiɗɗiga a kai ko a riƙa dangwala. In za ki yi haka ki bar barbaɗa sukarin, zaƙin zai yi yawa.

Idan kuma dunƙulalliyar nan ta Hawaii kika ci kuma ita kike marmari, kwaɓin ɗaya ne. Bayan tashin farko ki mulmula su ƙanana, giram 40 zuwa 45, ki jera a tire mai mai, ki rufe su sake tashi har su yi sakayau, sannan ki soya a digiri 165 zuwa 170, minti 2 zuwa 3 kowane gefe. Irin wannan ce ake hudawa a ɗura mata kastad. A babban yankin Fotugal akwai 'yar'uwarta, bola de Berlim, wadda ake tsagawa a cika da haɗin gwaiduwar ƙwai da sukari, masu talla na yawo da ita a bakin teku lokacin zafi. Amma ki fara ƙwarewa a faffaɗar, don ita za ta koya wa hannunki yadda kwaɓin yake.

Malasada ta ranar da aka soya ce, cikin awa 2 zuwa 3 na farko ta fi daɗi, washegari takan yi tauri. Idan 20 sun yi muku yawa, ki soya rabi ki mayar da sauran kwaɓin firij a rufe, zai kai gobe lafiya. Wadda ta kwana kuma ki ɗora ta a busasshen kasko mai murfi a ƙaramar wuta minti 2, ki sake juya ta a sukari.